Kunun Zakin da Na Dama a Bin Omran

Tun ranar da na dawo daga Doha ban huta ba. In na fita sayen burodi, tambaya. In na je gidan kallon ƙwallo, tambaya. "Jamilu, yaya Qatar?" "Da gaske ne har a titi suke kunna esi?" Ni kuwa amsata ɗaya ce: "Lafiya lau, sai dai zafi," in wuce. Abokaina sun ce tafiyar ta sa mini girman kai. Wallahi ba girman kai ba ne. Ga labarin nan na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Sati guda kafin tafiya na shiga kasuwar gwanjo a nan Kaduna na sayi kwat, irin mai gashi a wuya, mai nauyin ɗan akuya. Dalilina shi ne duk wanda na taɓa gani ya ɗauki hoto a ƙasar waje, da kwat na gan shi. Ban tambayi kowa ba, don kada a ce ban waye ba. A watan Yuli muke.

Wanda zan je wurinsa shi ne yayana Nasiru. Shekararsa huɗu a can yana karatun digiri na uku, kuma a 'yan watannin nan duk sanda ya kira ta bidiyo, in sun gama sai Umma ta yi tagumi. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Da na gama jarrabawar ƙarshe ta sakandare, Yaya ya ce in zo in yi masa wata guda. Umma ta ce to, amma ba yawon buɗe ido zan je ba, aike ne: in je in gano mata me yake ci. Ta cika mini jaka da kuka, daddawa, yaji, kilishi, citta, kanumfari, busasshen dankali, gero tiya guda da dawa rabin tiya.

"Geron nan ka ba wata matar Bahaushe a can ta dama masa kunun zaki," in ji ta. "Tun yana yaro, in ya ƙi komai ba ya ƙin kunun zaki."

Na ce, "Umma, ai ni ma na iya."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Sha ka iya."

Abba ya raka ni Abuja a jirgin ƙasa. Tun kafin mu yi nisa daddawa ta fara gaisawa da mutanen taragonmu, wani mai babbar riga ya tashi ya canza kujera yana hararar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. A filin jirgi aka ɗora jakata a sikeli, ta wuce ƙa'ida. Abba ya ce a rage, na ce ba a rage aiken Umma. Sai na sa kwat ɗina, na cusa kilishi a aljihun dama, yaji da citta a na hagu. Haka na shiga jirgi ina tafiya kamar agwagwa.

Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa, wadda ta ce ta bi hanyar nan ya fi sau talatin. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta cinye kek ɗina da na ce ba na so don kunya. Da muka kusa sauka ta taɓa gashin wuyan kwat ɗin ta ce, "Ɗan nan, wa ka yi wa laifi a gida?"

Ban gane ba sai daga baya.

A wurin duba fasfo, wani mai farar jallabiya ya sa na kalli wata 'yar na'ura, ya buga hatimi, bai ce mini ko sannu ba. A wurin kwastan aka buɗe jakata. Jami'in ya damƙi dawa ya tambaye ni da Turanci ko abincin tsuntsu ne. Na ce na mutane ne. Sai ya kwance ƙullin daddawa. Allah ya ba shi lafiya, ya ja da baya taku biyu, ya rufe jakar da hannunsa yana cewa, "Yalla, yalla!" Wato in yi gaba.

Yaya na tsaye a waje yana jirana. Na shirya tsalle da ihu, amma da na gan shi sai na fasa. Bidiyo ƙarya take yi, ta rufa masa asiri. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya rungume ni, ya kalli kwat ɗin, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ba shi da direba. Na leƙa gaba na tabbatar, babu kowa, na yi ta salati a zuci. A Mushairib muka sauka muka canza wani, tasha ce da za ta haɗiye unguwarmu har da makabarta. A nan Yaya ya ce in saurare shi da kyau.

"Gidan da muke, mu goma sha ɗaya ne. Ba a kawo baƙo ya kwana. Baba Fuseini ne ya yarda saboda ni, kuma ni na tsaya maka. In ka yi laifi, ba kai za a kora ba, ni ne. Ka ji?"

"Haba Yaya, wane irin laifi?"

"Jamilu, ni na goye ka. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji.

Da muka fito daga tasha zuwa titi, sai na ji kamar an buɗe tukunyar tuwo an tura kaina ciki. Ba rana ba ce kawai, iskar kanta dafaffiya ce. Kafin mu kai gida kilishin aljihuna ya yi laushi, ni ma haka.

Gidan yana Bin Omran, tsohuwar unguwa mai ƙananan shaguna. Tsohon bene ne da aka yayyanka ɗakunansa da katako, takalma jibge a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a. Akwai 'yan Ghana huɗu, ɗaliban Najeriya uku, sauran daga ƙasashen da sai na duba taswira. Mai gadi yana da ɗan ɗakinsa a bakin get, shi ne idon mai gidan.

Baba Fuseini dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, direban bas ɗin ma'aikata, kuma sunansa ne a takardar hayar gidan. Hausarsa ba irin tamu ba ce, da farko sai na riƙa danne dariya, amma kwana biyu na saba. Ya riƙe kunnena ya ce, "Kai ne auta? Malam Nasiru ya ce kai shaiɗan ne ƙarami. Zauna ka ci." Ya zubo mini wake da shinkafa irin nasu, wanda ko sunansa daga wake aka samo, jajaye, da wani baƙin yaji da ya sa na ga kakannina. Na ce masa ai abincinmu suka sata har da sunan. Ya ce, "Ku kuka haifa, mu muka yi tarbiyya."

A kwanakin farko na gane abin da gidan nan yake a wurin Yaya. Da wa'adin zamansa a masaukin ɗalibai ya ƙare, Baba Fuseini ne ya ɗauke shi. Da ya kwanta rashin lafiya bara, abin da bai taɓa gaya mana ba, Baba ne ya kai shi asibiti ya zauna da shi. Duk ranar Juma'a bayan la'asar Yaya yana yi wa Baba ƙarin karatun Alƙur'ani, dattijon na biye da yatsa kamar ɗan makarantar allo. A duk garin, nan ne kawai na ga Yaya yana cin abinci har ya ƙara. In Baba yana wurin aiki kuwa, busasshiyar gurasa ce da shayin karak, wani shayi mai madara da suke sha kamar an yi musu wahayi.

Garin kansa bai yi mini daɗi ba, gaskiya. Da rana titi fayau, ba yara, ba akuya, ba mai talla. Ka yi wa mutum sallama a hanya ya kalle ka kamar za ka roƙe shi. Famfon ruwan sanyi tafasasshen ruwa yake kawowa, don tankin yana kan rufi. Ranar farko na yi ta rige-rigen cajin waya da fitila kafin a ɗauke wuta, har Yaya ya ce in zauna, shekararsa huɗu bai ga an ɗauke ba. Yaya yakan fita tun safe zuwa jami'a, ni kuma in zauna a ɗaki ni da ƙarar esi. A rana ta shida na ƙirga tayil ɗin ɗakin sau uku.

Ranar ce na tambaye shi matar da za mu kai wa gero. Ya ce duk matan da ya sani suna fama da karatu da yara, ba zai ɗora wa kowa wahala ba. Ya ɗebi geron a tafin hannu ya shinshina, ya daɗe, sannan ya mayar ya ɗaure.

A nan na yanke shawara. Zan dama masa da kaina, kuma ba zan gaya masa ba.

Sirrin kunun Umma tsiro ne. Takan jiƙa dawa, ta shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu ta rufe har ta fito da 'yan farare saiwoyi, ta shanya, ta niƙa. Shi ke ba kunu zaƙin da sukari ba ya bayarwa. Wannan na sha gani. Amma kwana nawa, da ruwa nawa, ban sani ba, kuma in na kira Umma asiri ya tonu. Sai na shiga intanet. Na nemi yadda ake tsirar da dawa, abin da ya fi fito mini kuwa shi ne wani Bature mai gemu har ƙirji, a garejinsa, yana koya wa masu farawa yadda ake haɗa giya a gida.

Kada wani ya ce ban sani ba. Na san abin da yake koyarwa. Amma da na kalla sai na ga ikon Allah: ya jiƙa, ya tsirar, ya shanya, ya niƙa, ya dafa, ya bari ta huce. Sak aikin Umma. Sai a can ƙarshe ne yake zuba yis ya rufe. Na ce shi ke nan, zan raka Baturen nan har bakin ƙofar haram, in yi masa sallama in juyo.

Babu buhu a gidan, sai na jiƙa kwat ɗina na shimfiɗa dawar a ciki, na tura ƙarƙashin gado. Kwana uku ta yi tsiro gwanin sha'awa. Na hau rufi na shanya, rana ta busar da ita kafin in sauko daga matakala. Babu injin markaɗe a Doha, ko ɗaya, na tambaya. Da bilendar Baba na yi, kaɗan kaɗan, tana kuka ina ba ta haƙuri. Ranar Lahadi na dama gasarar geron da tafasasshen ruwa, ta huce, na zuba tsiro da citta da kanumfari da dankali, na rufe ta kwana, yadda Umma take yi.

Da safe na tace na ɗanɗana. Zaƙi akwai, amma ɗan tsamin nan da ke kama gefen harshe babu. A gida zafin ɗaki ke kawo shi, a nan kuwa esi ya hana. Kunun ya zama kamar labari ba ƙarshe.

A kan kantar kicin akwai gwangwanin yis na wani ɗan gidan da ke yin burodi. Na tsaya ina kallonsa. Na ce ai da shi ake fanke, kuma ban taɓa jin fanke ya bugar da kowa ba. Rabin yini kawai, ya ɗan tashi, in sa a firji. Na zuba cokali biyu, na ƙara sukari don ya ji daɗin aiki, na juye a babbar robar ruwan sha, na ɗora murfi, na ɓoye a ƙarƙashin matakalar rufi inda ke da ɗumi.

Rabin yinin ne ya zama kwana uku. Yaya ya sami hutun kwana biyu, ya ce zai nuna mini gari. Ya kai ni bakin teku, ya kai ni tsohuwar kasuwa inda ake sayar da shaho kamar kaji, har asibitinsu daban. Ya sayo mini askirim, ya yi dariya sau biyu, na ƙirga. Ban sami sararin ɗauko robar ba tare da ya gani ba, daga baya ma na manta da ita.

Ranar Alhamis Baba Fuseini yana azumi, kamar kowace Litinin da Alhamis. Yaya yana bin sa, kuma ranar ya tashe ni sahur ya ce ni ma in gwada ko na shiryu. Bayan azahar na tuna. Da na ɗaga murfin sai robar ta yi tsaki kamar tsohuwar da aka taka, kumfa ya taso. Wani wari mai kaifi ya bugi hancina. Ni ban taɓa shinshina giya ba a rayuwata. Amma ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta ce, "Jamilu." Na ce mata ta yi shiru, tsami ne ya kama. Ɗanɗanawa ba dama, ina azumi. Na sa shi a firiza har ya yi ƙanƙara a gefe, warin ya kwanta.

A gidanmu ba a dama kunu a shanye a ɗaki. Maƙwabci ake fara kai wa, kuma babba ke fara sha. Don haka dab da magariba na cika jug na kai wa mai gadi, na dawo na shimfiɗa tabarma a falo, na jera kofuna. Yaya bai dawo daga jami'a ba tukuna. Baba ya fito da carbinsa, ya ga farin kunu yana raɓa a jikin jug, fuskarsa ta washe.

"Auta, kai ka yi? Don Malam?"

"Ni na yi, Baba."

"Allah ya yi maka albarka. Ashe shaiɗan ma yana da rana."

Aka kira salla. Ya ci dabino ɗaya, ya yi bismilla, ya ɗaga kofi. Mai ƙishirwar yini guda a Doha ba ya kurɓa, kwankwaɗa yake. Sai da ya kai rabi ya tsaya. Ya sauke kofin a hankali, ya shinshina, ya kalle ni. Ban taɓa ganin fuska ta tsufa a gabana ba sai ranar.

"Kwana nawa?"

"Uku... huɗu, Baba."

"Me ka sa?"

Na gaya masa.

Ya tashi ya shiga banɗaki. Muna jin sa yana sa yatsa a maƙogwaro, yana kakari, yana kuskure baki, ya sake, ya sake. A haka Yaya ya shigo da jakarsa a kafaɗa. Baba ya fito gemunsa na ɗigar ruwa, ya zauna a ƙasa.

"A Zango, bayan gidanmu akwai mata masu dafa fito, giyar dawa," in ji shi, ba ya kallon kowa. "Da warin nan na girma. Uwana ya ce mini, Fuseini, kunu da fito uwarsu ɗaya, kwana ne ya raba su. Shekara sittin da ɗaya bai taɓa wuce wuyana ba. Sai yau, da bakin azumi."

Yaya ya durƙusa. "Baba, ba ka da laifi wurin Allah, ba ka sani ba."

"Na sani, Malam. Kai ka karantar da ni. Amma ya shiga."

Sai ga mai gadi a bakin ƙofa da jug ɗina a hannu, riƙe nesa da jikinsa. Ya yi magana da Larabci da sauri, Baba na amsawa, 'yan gidan suka firfito suka yi cirko-cirko. Daga baya wani ɗalibi ya fassara mini. A ƙasar nan haɗa giya a gida ba wasan yara ba ne. In maganar ta kai ga 'yan sanda, za ta kai ga kafil ɗin kowa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, kuma mutum goma sha ɗaya na iya rasa aiki ko karatu a kan roba ɗaya. Mai gadin ya ce ba zai kira kowa ba, shi ma yana da 'ya'ya. Amma ba zai ɓoye wa mai gida ba, kuma in mai gida ya tambaya, dole a ce wanda ya yi ya bar gidan.

Na buɗe baki. Yaya ya taka mini ƙafa har sai da na ji ƙashi.

"Ni ne," ya ce. "A ɗakina aka yi."

"Yaya, wallahi ni..."

"Rufe mini baki."

Baba ya dube shi. "Na san ba kai ba ne. Kowa a nan ya sani. Amma kai ka tsaya masa, ni kuma na tsaya wa mutum goma." Ya miƙe tsaye. "Khalas, shi ke nan, Malam. Ka nemi wuri."

Ni da Yaya muka ɗauki robar zuwa banɗaki. Shi ya riƙe, ni na karkata, muna kallon geron Umma yana tafiya. Ya sa sabulu ya wanke robar sau uku. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Na roƙe shi ya mare ni, ya ce in matsa zai yi alwala.

Washegari Juma'a na je ƙofar Baba na durƙusa na ce a yafe mini. Ya ce ya yafe, har ya dafa kaina. Na ce to a bar Yaya, ni in tafi yau ɗin nan. Ya girgiza kai ya ce magana ta riga ta kai wurin mai gida. Bayan la'asar na ga Yaya ya ɗauko Alƙur'ani ya zauna a falo inda suke zama. Ya jira har aka kusa kiran magariba. Ƙofar Baba ba ta buɗe ba.

Kwana huɗu muka yi muna neman ɗaki. Wanda aka samu yana Mesaimeer, can kudu, a bayan wasu shaguna: yankin falo ne da aka kewaye da katako, ba taga, kuma sai ya hau bas kafin ya kai tashar jirgi. Babu mai jin Hausa a gidan. Ranar da muka kwashe kaya, Baba ya fita aiki tun asuba, amma ya bar wa Yaya kular wake da shinkafa a bakin ƙofa. Yaya ya ɗauka ya rungume ta a cikin tasi har muka isa, bai buɗe ba.

Sabon gidan ba a yarda da baƙo ba ko na kwana ɗaya, sai da aka roƙa aka ba ni biyu. Yaya ya canza mini tikiti. A filin jirgi ya gyara mini wuyan riga ya ce, "Ka ce wa Umma ina cin abinci."

Ban iya ba. Kwana uku da dawowa na gaya mata komai a kicin. Ta ajiye muciya ta ce, "Yis? A kunu?" Daga nan ta shiga ɗaki ta kira Yaya, ta rufe ƙofa.

Na dawo gida saura kwana goma sha ɗaya watana ya cika. Yaya yana Mesaimeer har yanzu, yana rubuta ƙarshen kundinsa. Yakan kira Baba Fuseini ranar Juma'a su gaisa, amma ba a koma karatun ba, kuma an ba wani ɗakinsa. Kunun kuwa, ko kurɓi ɗaya Yaya bai sha ba.